Hannu Sama a Bakin Rami

Ranar da labarin ya iske ta, tana layin famfo ne. La'asar ta yi, ruwan yana zuwa kamar ana roƙonsa, mata suna ta cacar baki a kan wadda ta riga wata ajiye bokiti. Sai ga wani dattijo ya ɓullo daga bakin titi yana ɗingishi, hularsa a hannu. Tun daga nesa ta gane shi. Kofur ne, abokin aikin maigidanta, wanda yakan leƙo su jefi-jefi, kuma bai taɓa haɗa ido da ita ba sai ya ce, "Matarmu, har yanzu ba ki gaji da wannan tsohon kin dawo wurina ba?"

Ran nan bai ce matarmu ba. Ya tsaya nesa da ita ya ce, "Uwargida, ɗan zo gefe."

Ta ce, "Faɗi a nan."

"Ya faɗi a wurin aiki. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

Daidai lokacin layi ya zo kanta. Ta tura bokitinta ƙarƙashin famfon, ta tsaya tana kallon ruwan har ya cika ya fara zuba a ƙafafunta. Wata ce ta rufe famfon, wata ta ɗauki bokitin, wata kuma ta riƙe ta har gida. Har yau ba ta san ko su wa ke nan ba.

Maigidan nata tsohon soja ne. Ya yi yaƙin da aka yi tun tana yarinya, yaƙin da 'yan ƙasa ɗaya suka rabu biyu, kuma ɓangaren da yake ciki shi ne bai yi nasara ba. Sai da ƙura ta lafa da shekaru sannan ya aure ta, suka haifi 'ya ɗaya wadda take aure a can nesa. Duk zamansu bai taɓa ba ta labarin yaƙin ba. In ta tambaya sai ya ce, "Abin da ya wuce ai ya wuce. Akwai sauran ruwan zafi?"

Yayarsa ce mai ba da labarin. Ita ta raine shi, kuma kowa a layin Yaya yake ce mata. A bakin Yaya, ƙaninta shi kaɗai ya riƙe wani tudu har harsashinsa ya ƙare, abokan gaba da kansu suka sara masa. Kullum ta sake ba da labarin sai tudun ya ƙara tsawo. Shi kuwa in ya ji ta fara, sai ya zura takalmansa ya ce zai je ya ga wani.

Da gwamnati ta mayar da filin dagan nan gidan tarihi, sai ya sami aiki a can. Ya ce mata, "Baƙi nake nuna wa wuri." Kullum da safe yakan fita da farar riga, biro a aljihun gaba. Ita ma ta ji daɗin abin ba kaɗan ba. A famfo, a shago, ko ba a tambaye ta ba takan ce, "Maigidan ai shi ke yi wa manyan baƙi bayani." Abu ɗaya ne ba ta gane ba, ciwon kafaɗa. Duk yamma in ya dawo sai ya zauna bakin gado yana murza kafaɗunsa yana cije leɓe. Takan ce masa, "Kai da ke aikin magana? Ko biron ne ya yi maka nauyi?" Sai ya yi dariya ya ce, "Biron ne."

A kwanakin da ake zuwa gaisuwa, Yaya ta zauna a tsakiyar ɗaki tana kuka tana ba da labarin tudu ga duk wanda ya shigo. Kofur yana daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Da ya tashi tafiya ya ce da matar, "Akwai 'yan kayansa a akwatinsa na wurin aiki. Zan kawo miki."

Ta ce, "A'a, ni zan je. Ban taɓa ganin wurin ba. Ina so in ga teburinsa, in ga inda yake zama."

"Bari dai in kawo miki, wurin da nisa."

"Zan je."

Ya daɗe yana juya hularsa. Sannan ya ce, "To, in kin zo, ki ce a kira ni tun daga ƙofa. Kada ki shiga sai na fito."

Watanni suka shuɗe kafin ta iya fita. Ta sa tufafinta na zuwa unguwa, ta hau mota har inda gidaje suka ƙare, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. A bakin ƙofar an girke wata tankar yaƙi da tsatsa ta cinye, ciyawa ta tsiro a cikin ƙafafunta, wani ya jingina kekensa a jikinta. Isowarta ke da wuya sai ga wata doguwar mota ta sauke baƙi, maza da mata cikin ado, kowa da waya a hannu. Maigadi ya wangale ƙofa yana cewa, "Ku shiga, ku shiga, an gama da naku." Ta buɗe baki za ta ce ita Kofur take nema, sai wata mata mai faffaɗan tabarau ta kama hannunta.

"Inna, taho mana, kada a bar ki a baya."

Haka ta tsinci kanta a cikinsu. Kunya ta hana ta cewa ba tare suke ba.

Wani saurayi mai ƙaramar lasifika rataye a wuya shi ya yi musu jagora. Ya shigar da su wani dogon ɗaki mai sanyi, akwatunan gilashi a jere dama da hagu. Ga takalman soja da suka bushe suka lanƙwashe, ga hulunan kwano masu huda, ga cokula, ga gorunan ruwa da suka lotse, ga wani gadon ɗaukar marasa lafiya da tabo baƙi a tsakiyarsa. Akwai wani tabarau mai ido ɗaya da aka ce a ƙasa aka tono shi. Mutane suna ta ɗaukar hoto. Ita ba waɗannan take dubawa ba. Idonta yana kan kusurwoyi, tana neman tebur da kujera, inda mutum mai farar riga zai zauna ya jira baƙi. Ba ta ga tebur ba sai na mai sayar da ruwa.

Mai lasifika ya ce, "To jama'a, yanzu za mu fita inda aka yi ta ta ƙare. Mai hawan jini ya riƙe na kusa da shi."

Aka yi dariya, aka bi shi.

A bayan ginin akwai fili, ƙarshensa wani ɗan tudu ne da ko akuya ba za ta yi haki a kansa ba. A gindin tudun an haƙa rami mai tsawo, zurfinsa ya wuce tsayin mutum, an jera buhuna a bakinsa, an yi masa matakala ta katako. A saman matakalar an kafa mutum-mutumi sanye da kakin soja, hannayensa biyu a sama.

Mai lasifika ya ce, "A cikin ramin nan na ƙarshensu suka maƙale, ba ci ba sha. Da wuya ta yi wuya, sai suka fito ɗaya bayan ɗaya kamar ɓeraye. Yanzu za ku ga yadda aka yi."

Ya hura usur. Daga bayan wata katanga wani tsoho ya fito da gudun da bai fi tafiya ba, yana ɗingishi, sanye da kakin waɗanda suka yi nasara, riƙe da bindigar katako. Ta ja da baya ta laɓe a bayan wani mai ƙiba. Kofur ne. Ya auna mutum-mutumin ya daka tsawa, "Fito! Hannu sama!" Mutum-mutumin dama hannunsa a sama yake. Aka tafa, aka yi shewa.

Mai lasifika ya ce, "Ku yi haƙuri, kun makara. Da kun zo bara, da mutum na gaske za ku gani. Muna da wani tsoho, Baba Hannu-sama muke ce masa, kuma ba wasa ba, yana cikin waɗanda suka fito daga ramin nan a ranar. Kullum sai ya sake fitowa, in baƙi sun yi yawa ya yi ta fitowa har yamma. Ga shi can."

Ya nuna wani babban allo a gefen ramin, wanda ba ta lura da shi ba saboda mutane sun tare. Aka dare. Sai ga maigidanta.

Hoton ya kai girman ƙofa. Yana tsaye a saman matakalar, ba takalmi, ba hula, furfurarsa a waje, cikin wata rigar kaki da ta yi masa yawa. Hannayensa biyu a sama, tafukan a buɗe. Bakinsa a ɗan buɗe, kamar yadda yake yi in yana jiran ta gama faɗa. A kowane gefensa baƙi ne suna murmushi, wata budurwa ta ɗora masa hannu a kafaɗa, wani ya auna masa yatsu biyu a kunne kamar bindiga. A ƙasa an yi rubutu. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta haɗa baƙaƙen a hankali har suka ba ta abin da saurayin ya faɗa.

Mai lasifika ya ci gaba, "Allah ya yi masa rasuwa a nan wurin. Ran nan na hura usur, Kofur ya ce fito, shiru. Ya sake cewa fito, shiru. Ashe Baba ya riga ya tafi. Rana ɗaya ke nan a duniya da ya ƙi miƙa wuya."

Daga yadda maganar ta fita sumul, ta san ba yau ya fara faɗinta ba. Wasu suka ce Allah sarki, amma dariyar ta fi yawa.

Mai ƙibar da ke gabanta ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan da girmansa da furfurarsa? An ci ka da yaƙi sau ɗaya bai ishe ka ba, sai ka mayar da shi sana'a? Ba shi da iyali ne?"

Mai tabarau ta ce, "Ni dai da mijina ne, wallahi da na daina fita ƙofar gida."

Ba ta san wani sauti ya fita daga bakinta ba sai da ta ga an juyo. Mai tabarau ta dafa ta.

"Inna, lafiya? Jikinki rawa yake yi. Ko kin san shi ne?"

Idanu suka yi mata caa. Mai ƙiba yana kallonta, mai lasifika ma ya sauke lasifikarsa yana jira. Ta ji zufa ta keto mata tun daga tsakiyar kai.

Ta ce, "A'a. Ni ina zan san shi? Rana ce ta buge ni."

Da ta tsaya a nan ma da sauƙi. Amma ba su ɗauke ido ba, sai ta ji bakinta ya ƙara da cewa, "Allah dai ya rufa mana asiri."

Mai tabarau ta ce, "Amin, Inna," ta miƙa mata ruwa.

Ta ɗaga kai za ta sha, sai ta ga Kofur. Yana tsaye kusa da su, bakin bindigar katakon yana kallon ƙasa. Ba ta san tun yaushe yake wurin ba, amma fuskarsa ta gaya mata.

Baƙi suka yi layi suna ɗaukar hoto da mutum-mutumin, kowa yana ɗaga hannu yana dariya. Daga nan mai lasifika ya ja su zuwa wurin manyan bindigogi. Ita ta tsaya a inda take. Sai da wurin ya yi shiru Kofur ya matso ya ce, "Uwargida, kin iso lafiya? Taho."

Ya kai ta wani ɗan ɗaki a bayan ginin, mai taga ɗaya. Benci ne a ciki, da buta, da akwatunan ƙarfe a jikin bango, da igiya da aka ɗaura daga ƙusa zuwa ƙusa. Ya jingina bindigar a kusurwa tare da tsintsiya, ya share mata benci da hularsa.

"Nan muke canza kaya. Nan yake zama, ni nan."

Ta zauna. Ta kasa kallonsa.

Ya buɗe akwati ɗaya ya fara fito da kaya yana ajiyewa kusa da ita. Kwalbar man zafi da ta kusa ƙarewa. Guntun sabulu. Kofin shayi. Allura da baƙin zare a soke cikin kwali. Daga ƙarshe rigar kakin, a naɗe.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kai ne ka kama shi? A can, lokacin yaƙin?"

"Ni?" Ya yi 'yar dariya. "Ni kuku ne, Uwargida. Har aka gama yaƙin ban riƙe abin da ya fi ludayi ba. Ƙafar nan ma tukunya ce ta faɗo mini. A nan muka haɗu da shi, ranar da aka ɗauke mu aiki. Suka dube ni suka ce na yi kama da mai nasara. Yakan ce mini, kai Kofur, da irinku ne suka zo kama mu, da har yanzu muna cikin ramin."

Ya goge ido da bayan hannu.

"Yanzu itace nake kamawa. Itace ba ya zagina in na taka masa ƙafa."

"Ranar fa?"

"Yadda yaron nan ya faɗa, haka ne, sai dai ba abin dariya a ciki. Na kira, bai fito ba. Na leƙa na ce, haba ɗan'uwa, mutane na jira. Na sauka na same shi a zaune ya jingina da bango, kamar mai hutawa. Ni na ɗauko shi."

Ta warware rigar a cinyarta. Wankau ne sana'arta, shekara da shekaru tana wanke kayan mutanen layinsu tana gogewa, hannunta ya san tufa kamar yadda ya san fuskarta. Wannan rigar wankin namiji ne, an cuɗa tsakiya an bar wuya. Hammata biyun sun yage sun sake yagewa, an ɗinke su da baƙin zare, ɗinki manya-manya a karkace. Ita da ke wanke rigunan mazan wasu har su yi ƙyalli, nata mijin yana nan yana durƙuso da guntun sabulu a bayan gidan tarihi.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

Kofur ya kalli taga.

"Na sha yi masa magana. Ya ce ba za ki iya ɗauka ba, kunya za ta kashe ki. Ni kuwa na ce masa ƙarya yake yi, matarmu ba haka take ba."

Bai ƙara komai a kai ba. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Can ta ce, "Shi bai ji kunya ba?"

"Da farko ya ji. Ranar da muka fara, da ya fito ya ga mutane, sai da ya koma ciki ya yi amai. Daga baya ya saba. Wani lokaci in wani baƙo ya yi masa baƙar magana, in mun dawo nan sai ya ce, Kofur, hannun nan da na ɗaga shi ya kai ni gida. Da ban ɗaga ba, da ban yi aure ba, da ban ga 'yata ba. Waɗanda suka ƙi ɗagawa ga takalmansu can a gilashi."

Ta miƙe zumbur, rigar a hannunta.

"Ina za ki?"

Ta fita da sauri, ta wuce ramin, ta wuce manyan bindigogin, babu kowa. Ta ratsa dogon ɗakin nan mai sanyi, takalminta yana ƙara a kan siminti. Matar nan take nema, mai tabarau, ita da mai ƙiba. Kalma biyu kawai za ta gaya musu. Da ta isa ƙofa, doguwar motar ta riga ta hau titi. Ta ɗaga hannu, ta yi kira, har ta ɗan bi ta da gudu. Wani daga ciki ya ɗago mata hannu, yana tsammanin sallama take yi musu.

Ta dawo tana haki ta tsaya gaban maigadi.

"Mijina ne."

"Wa?"

"Na jikin allon. Baba Hannu-sama. Mijina ne."

"Allah sarki! Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. Ɗan matsa, Inna, mota za ta shigo."

Ta matsa. Ta faɗa, amma ba wanda ya kamata ya ji ba ne ya ji.

Da ta koma gida ta tarar da Yaya a ɗakinta tana jira.

"Kin dawo? Yaya wurin? Kin ga ofishin nasa? An ce har da fanka."

Ta ajiye ƙunshin kayan maigidan a kan gado. Tun a mota ta shirya abin da za ta ce, cewa ofis ne mai kyau, har an rataye hotonsa a bango, wanda ma ba ƙarya ba ne. Maganar tana bakinta. Sai ta ji irin zufar ɗazu tana keto mata, ta gane hanyar da ta bi ɗazu ce za ta sake bi.

Ta kwance ƙunshin ta shimfiɗa rigar. Ta gaya wa Yaya komai, ramin, da usur, da allon, da sunan da suke kiransa. Abin da ta faɗa wa mai tabarau ma ba ta ɓoye ba.

Yaya ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna. Ta daɗe tana kallon rigar ba ta taɓa ba.

"Ke kina tsammanin ban san ya ɗaga hannu ba? Ni na je na karɓo shi da aka sako su, ƙashi da fata, ko tsayuwa ba ya iya yi. Yara suna binsa a layi suna ɗaga masa hannu. Ni na ɗinka masa labarin tudun nan da bakina, na yi ta faɗa har aka manta da wancan. Shi ne zai je ya kwance mini shi a gaban duniya?" Muryarta ta karye. "Wannan yaro! Wannan yaro bai taɓa jin magana ba."

"Yaya..."

"Ki ƙone ta. Yau ɗin nan. Ya tafi da mutuncinsa, kada ki tone masa asiri yana kwance."

"Shi bai ƙone ta ba, Yaya. Ɗinke ta ya yi ta yi."

"To in kin fasa ƙwan nan, kada ki sake kirana Yaya."

Washegari da safe ta fito da baho tsakar gida, gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, igiyar shanya ɗaya kowa ke amfani da ita. Ta ajiye kayan mutane gefe, ta fara da rigar kakin. Ta jiƙa ta, ta cuɗa wuyan har ainihin launinsa ya fito, ta bi hammatan a hankali don kada ɗinkinsa ya warware. Ta ɗauraye, ta matse, ta shanya ta a tsakiyar igiya.

Maƙwabciyarta, wadda duk abin da ta ji da safe kafin azahar ya kai bakin titi, ta fito da buta ta tsaya.

"Ikon Allah! Wannan kakin fa? Ai irin na waɗancan ne. Wa ya kawo miki wankinsa?"

Ta goge hannu a zaninta.

"Na maigidan ne. Kayan aikinsa ne."

"Ba ke kika ce bayani yake yi wa manyan baƙi ba?"

"Ni na ce. Ba haka ba ne. A rami yake zama, in an hura usur ya fito ya ɗaga hannu, baƙi su ɗauki hoto. Haka ya yi a yaƙin ma. Ya ɗaga hannu aka kama shi."

Maƙwabciyar ta ce, "Allah sarki," amma gefen bakinta yana motsi. Ta juya da butarta ba ta ko zuba ruwan ba, ta shige ɗakin da ke kusa. Jim kaɗan aka ji ƙus-ƙus, sannan wata ta ƙyalƙyale da dariya aka ce mata shhh.

Ta tsaya a wurin, kunnuwanta suna zafi. Ba ta ji sanyi a ranta ba kamar yadda ta zata. Kunyar tana nan, sai dai ta daina zama a kan maigidan, ta dawo kanta ita kaɗai.

Ta juya za ta ɗauki wani wankin, sai idonta ya faɗa kan rigar. Ta shanya ta ne yadda take shanya kowace riga tun tana budurwa, ta maƙale gindin a igiya, wuyan yana kallon ƙasa. Hannayen biyu sun zubo sun wuce wuyan, a miƙe, ruwa yana ɗiga daga bakinsu. Ko a kife ma hannunsa a sama yake.

Ta cire maƙalan da sauri ta juya rigar. Ta kama ta a kafaɗu ta maƙale, ta bi hannayen da tafinta ta kwantar da su a gefe.

Kafin yamma labari ya gama layin. Wasu matan suka daina haɗa ido da ita a famfo, wasu kuma suka riƙa haɗawa fiye da da. Yaya ta ɗauke mata ƙafa, in sun haɗu a hanya sai ta amsa gaisuwa ciki-ciki ta wuce. Matar nan mai tabarau kuwa ba ta sake ganinta ba, tana can wani gari da abin da aka gaya mata.

Har yau wankau take yi. Masu kawo kaya sun sha yi mata ƙorafi cewa maƙali yana barin alama a kafaɗar riga, tana ba su aiki wurin sawa. Takan ce musu za ta bi da dutsen guga, kuma tana bi. Amma kowace safiya in ta zo shanya, rigar malamin makaranta ce ko ta direba ko ta mai shago, ta kafaɗa take rataye ta, sannan ta sa hannu ta sauke mata hannaye.